Bindigar Layinmu da Wadda Za Ka Sa a Buhu

Samaru, Zariya

Iliya ɗana,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu, wanda ya riƙe mu da rai har ka gama karatu ka sami aiki. Ina roƙonsa ya kai ka lafiya gonar gwajin da aka tura ka, ya tsare motar da za ka shiga ranar Asabar, ya haɗa ka da mutanen kirki a can kudancin Kaduna.

Na san za ka ce me ya sa Mama take rubuta mini wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nata. Kai ma ka san dalili. Tun ranar da na yi maka tsawa a ƙofar gida a gaban abokanka, ba ka ƙara zama mun yi magana ba. Ka ci abinci a tsaye, ka ce "To, Mama," ka fita. Ban kyauta ba a ranar. Ba a kiran namiji mai gemu marar hankali a gaban waɗanda suke ce masa shugaba. Maganar da na faɗa ina nan a kanta, amma wurin da na faɗe ta da irin muryar da na ɗaga, su ne ba daidai ba. In za ka gyara wa mutum, ka ja shi gefe. Na tsufa ina koyar da yaran firamare, na san wannan sarai, amma da abin ya zo kan ɗana sai na manta.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na san ka sa wani mai walda a Sabon Gari ya ƙera maka bindiga. Na kuma san inda za ka sa ta, domin shekaranjiya ka tambaye ni ko buhun masarar da na auna maka zai ɗauki ƙarin kaya, kai da ba ka taɓa damuwa da buhu ba tun da aka haife ka.

Ban bincika ɗakinka ba, kuma ba zan bincika ba. Kasuwa na je sayen manja da busasshen kifi na guzurinka. Mama Ngozi, wadda nake sayen manja a wurinta tun kana goye, ta jawo mini benci ta ce, "Maman Iliya, zauna tukuna. Ɗanki farauta zai fara?"

Na ce, "Farautar me? Iliya da ko kaza aka ce ya yanka sai ya kira ƙanwarsa."

Ta ce, "To wannan bututun da yake zuwa dubawa a bayan shagon walda, ba na famfo ba ne. Shagon yana kallon bayan rumfata, ina ganin komai." Sai ta ɗauki mazubi ta ci gaba da aikinta. "Ni ban faɗa miki komai ba fa. Manja kika zo saya."

Na biya ta, na fito. A cikin adaidaitar da ta kawo ni Samaru kuma, sai ga shi maganar da ake yi ke nan. Direban yana cewa a bar kowa ya riƙe bindigarsa, a ga wanda zai sake tare hanya. Wani dattijo kusa da ni ya ce, "Kai da ɗazu ka kusa cire wa fasinja riga a kan canji, kai za a ba bindiga?" Aka yi dariya. Direban ya ce, "Baba, ai da ina da ita, da bai tsaya musu ba." Aka sake yin dariya. Ni ban yi ba.

Kada ka ɗauka ban san abin da ke cin ranka ba. Yohanna ɗan yayana ne kafin ya zama abokinka. Ni na yi masa wankan jego tare da uwarsa. Na san a hanyar gona masu satar mutane suka ɗauke shi da rana tsaka, na san an kira waɗanda ya kamata su zo ba su zo ba, na kuma ga yadda ya dawo. Yaron da ke cika gida da surutu yanzu sai ya zauna a gindin mangwaro yana kallon ƙafarsa. Gonar kawunka ta zama daji. A zumuntar mata ma ba bakinmu ɗaya ba. Akwai matan da nake girmamawa, masu addu'a fiye da ni, da suke cewa da mazajensu na da abin kare kai da yau ba su zama gwauraye ba. Ba ni da amsar da zan ba su.

Na kuma saurari abin da kake faɗa a taron ƙungiyarku da abin da kuke ɗorawa a waya. Ƙanwarka ta kunna mini. Ka ce mai laifi yana da bindiga, mai gaskiya ne kaɗai aka hana. Ka ce a canza doka, a tantance mutane, a koya musu, a ba su lasisi. Ka iya magana, Iliya. Da na ji ana tafa maka, sai da kaina ya kumbura, har na ce wa maƙwabciya ɗana ne wannan. Shi ma kuskure ne. Na yi murna da tafin, ban tsaya na tambayi inda maganar za ta kai ka ba. Duk wanda ake tafa masa a kan abu, ba jimawa sai ya ji dole ya nuna shi ma ya aikata. Ka yi hankali da tafi, ko daga hannun uwarka ya fito.

Ka san hannun babanka. Ka san yatsu biyu da rabi ne a hagunsa, ka san sai an zagayo ta dama kafin ya ji magana. Ka san bindiga ce ta yi masa haka, ba injin niƙa ba, domin ka girma ka ji a layi. Amma ba ka taɓa zama an ba ka labarin daga farko ba. Shi ba ya son maganar, ni kuma in na fara sai faɗa ya shigo. Ga shi a rubuce, inda ba zan iya ɗaga murya ba.

Kana aji ɗaya a firamare lokacin. Ɓarayi suka matsa wa layinmu. Ba masu satar mutane ba, ba a fara wannan ba tukuna. Masu haura katanga ne, su kwashe rediyo da akuya da kayan ɗalibai 'yan haya. Aka shiga gidanmu aka ɗauke keken ɗinkina. Na yi kuka, na yi masifa, na bi gida gida ina cewa layin nan ba maza. Da Baba Audu, tsohon maigadin nan da ya rasu, ya kawo shawara a haɗu a sayi bindigar toka guda ɗaya ta layi, ni ce na fi kowa goyon baya. Babanka bai so ba. Ya ce shi akawu ne, bai taɓa riƙe abin da ya fi biro nauyi ba. Na ce masa a gaban Baba Audu, "To sai in ɗaura zani in je a madadinka." Ya kalle ni, ya ce a sa sunansa.

Ka ji kuskure na farko a wannan labari. Na yi amfani da kunya na tura mutum ga abin da zuciyarsa ta ƙi. Kada ka yi wa kowa haka. A ƙungiyarku akwai yaran da ba sa so, suna bin ku ne kawai don kada a ce musu mata. Ka duba fuskokinsu, za ka gane su. Ka bar musu ƙofar fita. Kai ma in wani ya ce maka matsoraci don ka ajiye, ka bar shi ya faɗa.

Aka sayo bindigar. Tsarin shi ne karɓa-karɓa: gidan da sintiri ya faɗo a kansa, a kai masa ita, washegari ya miƙa wa na gaba. Kai ɗan zamani ne, ba ka san irinta ba. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a zuba ƙananan ƙarafa, a cusa tsumma, a danna da sanda. In an ɗura, ba mai iya ganewa da ido, kuma ba wata hanya mai sauƙi ta fitar da ɗurin sai a harba. Saboda haka Baba Audu ya kafa doka: duk wanda ya gama sintiri, da safe ya je filin bayan gidaje ya harba ta sama, ya miƙa ta wayam.

Haka aka yi ta yi na ɗan lokaci. Amma ƙarar ta dame mu. Jarirai su firgita, kaji su watse, ɗaliban da ke haya a ɗakunanmu na baya suka fara cewa za su tashi, iyayensu sun ji ana harbi a unguwa kullum. Wasu mazan kuma suka ce ana ɓarnar albarushi. Sai na tara mata muka je wurin Baba Audu. Ni na yi magana, domin ni ce malama. Na ce a daina harbin safe.

Ya ce, "Malama, abin nan ba a barin sa da ciki."

Na ce, "Baba, mu ma da muke da cikin ba ma tayar da unguwa kowace safiya."

Mata suka fashe da dariya, tsoho ya ji kunya, ya ce to. Na dawo gida ina jin na iya magana. Na yi nasara a kan mutumin da ya fi ni sanin abin, don kawai bakina ya fi nasa kaifi. Kai ma bakin nan ka gada. Za ka kayar da mutane da yawa a muhawara waɗanda suka fi ka gaskiya. In ka ga dattijo ya yi shiru bayan ka ba mutane dariya a kansa, kada ka ɗauka ka ci. Ka bi shi bayan taro ka tambaye shi me yake nufi.

Daga nan bindiga ta ci gaba da yawo gida gida da ɗurinta. Damina ta shigo. Wanda aka kawo masa sai ya ce a ransa, wa ya sani ko albarushin wancan ya jiƙe, wa ya sani ko ya ɗura da kyau, ko ma bai ɗura ba. Ni zan tsaya da ita a gaban ɓarawo, ba shi ba. Sai ya ƙara nasa kaɗan, ya danna. Na gaba ma haka. Ba wanda ya faɗa wa wani, domin faɗin yana nufin ba ka yarda da maƙwabcinka ba. Mutanen kirki ne dukansu, Iliya. Da masu zuwa coci da masu zuwa masallaci, ba mashayi ko ɗaya a cikinsu. Tsoro ne kawai, kowa da ɗan nasa, suka yi ta zubawa a bututu ɗaya. Babanka ma ya ƙara nasa. Ina tsaye na riƙe masa gwangwanin.

Ranar da abin ya faru ba ɓarawo ba ne ma. Da yamma ne, rana ba ta faɗi ba, ina tsince shinkafa a tsakar gida. Mahaukacin kare ya shigo layi yana dalala, yara suka watse, mata suka hau ihu a kawo bindiga. A gidanmu take a ranar. Babanka ya fito da ita yana riƙe da ita kamar an ba shi jaririn wani. Ya tsaya yana jinkiri. Na ce, "Dauda, sai ya ciji yaro tukuna?" Bose tana tsaye a bakin ƙofa da bokitin wanki. Ba za ka tuna ta sosai ba. Ɗaliba ce daga kudu, tana haya a ɗakin da yake naka yanzu, tana shekarar ƙarshe a jami'a. Ita ke saya maka biskit tana kiranka maigida.

Ya ja kunama. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake ji. Bututun ya tsage kamar rake. Da hayaƙi ya lafa, babanka yana zaune a ƙasa yana kallon hannunsa, bai ko yi kuka ba. Bose ta rufe fuska da hannu biyu, jini yana bi ta tsakanin yatsunta yana ɗiga cikin bokitin. Karen ko ƙwarzane bai samu ba. Matar mai gyaran keke ce ta kashe shi daga baya da taɓarya.

A asibiti aka tambaye mu me ya faru. Mazan layi sun riga sun roƙe ni a hanya, domin bindigar ba ta da takarda, in aka faɗi gaskiya za a kwashe su duka. Na ce injin niƙa ne. Ma'aikaciyar jinyar ta kalli baƙin albarushi a hannun, ta kalle ni, ta rubuta abin da na ce. Na dawo gida na koya muku ku ce injin niƙa ne. Ni da nake dukan yara a aji saboda ƙarya, na zaunar da nawa na sa suka haddace ta. Wannan shi ne abin da ba a faɗa a taronku. Abin da aka riƙe a ɓoye, ranar da ya yi ɓarna sai an yi ƙarya a kansa, kuma ba mai shi kaɗai zai yi ƙaryar ba. Uwarsa za ta yi, matarsa za ta yi, 'ya'yansa za su yi. Ba na so in sake yi. Na tsufa da wannan.

Bose ta rasa idon dama. Uwarta ta zo daga garinsu, doguwar tafiya a motar haya. Na yi shirin shan zagi, na yi shirin 'yan sanda, na ma fi son ta zage ni. Ta zauna a kujerar falo, ta ƙi shan ruwan da na kawo. Ba ta jin Hausa, Turancinta kuma kaɗan ne. Tambaya ɗaya ta yi, Bose ta fassara. Ta ce, da kuka ba 'yata ɗaki, kun faɗa mata akwai bindiga a gidan? Na ce a'a. Ta gyaɗa kai, ta tashi ta shiga haɗa kayan 'yarta. Ban sake ganinsu ba. Ban san ko ta gama karatun ba.

Har yau ba ni da amsar da ta fi wannan a'a ɗin. Yarinyar ba ta zo taron layi ba, ba ta ce a saya ba, ba ta ce a daina harbin safe ba. Ɗaki ta kama don ta yi karatu. Mu muka yanke shawara a kan idonta, ba mu tambaye ta ba.

Na san abin da za ka ce, domin na haife ka. Za ka ce, Mama, wannan ai bindigar toka ce ta mutanen da, tawa ta harsashi ce. Za ka ce labarin nan ma hujjarka ce, da an koya musu, da an ba su mai kyau da lasisi, da haka bai faru ba. Wataƙila. Ni sakandare na tsaya sai horon malanta, ban karanta abin da ka karanta ba. Ban san ko dokar ta kamata a canza ta ba. Wata rana in na kalli Yohanna sai in ce a canza. Wata rana in na ga yadda samarin layin nan suke zare wa juna ido a kan ƙwallo sai in ce Allah ya kiyaye. Ban hana ka faɗin ra'ayinka ba. Ka rubuta, ka yi taro, ka je gaban 'yan majalisa in sun ba ka dama. Da rana ake yin wannan, da sunanka a kai, kuma ba zan ji kunyarsa ba.

Amma kai da kake cewa a tantance mutane, wa ya tantance ka? Kai da kake cewa a koya wa mutane, wa ya koya maka? Kai da kake cewa a ba da lasisi, ina naka? Abin da mai walda ya haɗa a bayan shago, tsakanin gyaran ƙofa da gyaran salansar mota, wa ya gwada shi? Ka tsaya a gaban jama'a ka ce doka kake nema, ka koma ta baya ka yi abin da dokar da kake nema ma ba za ta yarda da shi ba. In aka kama ka, ba kai kaɗai ka faɗi ba. Duk abin da ka faɗa a taron nan ya faɗi, kuma waɗanda suke cewa ku 'yan ta da zaune tsaye ne sun sami hoton da suke nema.

Ka yi tunanin hanyar kanta. Ka san yawan shingen bincike tsakanin nan da inda za ka. Ka san suna soka ƙarfe a buhu. In aka same ta, ba za a tambayi buhun wa ne da ladabi ba. Za a sauke kowa a kwantar a bakin titi: direba, yaron mota, matar da ke komawa gida da jinjiri, tsohon da ya zo asibiti. Direban zai rasa motarsa, wataƙila ya kwana inda bai taɓa zato ba, shi da bai san komai ba sai cewa wani saurayi mai fara'a ya ba shi buhun masara. In kuma waɗancan mutanen ne suka tare ku, Allah ya hana, suka zazzage kaya suka gan ta, ka san ba za su tsaya tambayar mai ita ba. Kuma tana ƙasan buhu a bayan mota, ƙarƙashin doya da katifar wani. Ta yaya za ta kare ka a can? Ba za ta kare ka a hanya ba, sai dai ta jawo wa mutanen da ba ka tambaya ba abin da ba su saya ba.

To a ce ka isa lafiya. Ɗaki za a ba ka a gidan ma'aikata, ko ka kama haya a gidan mutane. Akwai yara a gidan. Akwai wanda zai share maka ɗaki, akwai abokin da zai ce bari in gani, akwai ranar da za ka yi zazzaɓi wani ya shiga neman maka magani a jaka. Akwai ranar da za ka ji motsi a bayan taga, kuma mai gidan ne ya fito kama ruwa. Kai baƙo ne a can. Mutanen wurin suna da nasu tsarin tsaro, da dattawansu, da abin da suka sani game da dajinsu wanda kai ba ka sani ba. Ka je ka gaishe su, ka tambaya, ka bi abin da hukuma da su suka yarda da shi. In sun ce kada a je gona ta wani gefe, kada ka je, ko me ofis ya ce. In aikin ya zama sai da ranka, ka dawo. Tuwo bai ƙare a gidan nan ba, kuma ba wanda zai yi maka dariya a gabana.

Na gaji, Iliya. Ba gajiyar jiki ba, wannan na saba da ita. Na gaji da jin sunayen waɗanda aka ɗauke a lokacin addu'a. Na gaji da yadda kowace hira a kasuwa take komawa kan wa aka tare, a ina. Na gaji da ganin yaran da na koya wa karatu suna gardamar wace bindiga ta fi wace. Ban ce maka in ka bar ta za ka tsira ba. Ba ni da wannan alkawarin, ba wanda yake da shi. Ina iya rasa ka ko da ita ko ba ita, kuma na san haka duk safiyar da na buɗe ido. Abin da na sani kaɗan ne, shi ne na rubuta maka.

Ban faɗa wa babanka ba. In ya ji, ba zai yi faɗa ba, ka san shi. Zai yi shiru ya daina cin abinci, wannan kuma ya fi faɗa. Ba zan je wurin hukuma ba, ba zan je wurin mai waldan ba, ba zan sa fasto ya kira ka ba. Kai ba yaro ba ne, kuma na riga na ga abin da tilastawata take haifarwa. Ka koma wurin mutumin da kanka ka ce ya yanka ta ya yi ƙafar benci da ita. Abin da ka kashe ya tafi, ka bar shi.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka san duk wanda zai yi tafiya daga gidan nan, nakan raka shi tasha, in ɗora hannu a kan kayansa in yi addu'a kafin a ɗaure, in kuma ce wa direba ga ɗana, amana. Ranar Asabar ma zan so in yi haka. Amma ba zan ɗora hannu a kan buhun da ban san cikinsa ba, kuma ba zan kalli idon direba in ba shi amanar abin da na ɓoye masa ba. In ka bar ta, ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka shigo kicin ka ce, "Mama, masara ce kaɗai," zan yarda, domin ba ka taɓa iya yi mini ƙarya ido da ido ba. In kuma ka ƙudura sai ka tafi da ita, ka faɗa mini tun a gida. Zan yi maka addu'a a ɗakina, da dukan zuciyata, amma tasha za ka je kai kaɗai.

Ubangiji ya tsare fitarka da shigarka. Ya tsare waɗanda za su zauna kusa da kai a mota, da gidan da zai karɓe ka, da yaran da ke cikinsa. Ya warkar da Yohanna. Ya ba ƙasar nan hutu, ya ba ni ni ma. Kifin yana cikin baƙar leda a saman kabad, ka sa shi a rana in ka isa don kada ya yi tsutsa.

Ina kicin har Asabar.

Mahaifiyarka,
Rifkatu